Wasan cike gurbi mai jigon Kano: tambayoyi da amsoshi ga mai son ya iya

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu wasan cike gurbi na kalmomin tsaye da kwance, irin wanda ake ɗora wa jigo guda kowace rana. Misalan daga birnin Kano muka ɗebo su, domin jigon Kano cike yake da tarko: sarakuna masu sunaye tsawo ɗaya, wuraren da ake rubuta sunansu hanya biyu, ga kuma haruffa masu ƙugiya.

Mene ne bambancin wasa mai jigo da wanda ba shi da jigo?

A wasa mai jigo, amsoshi uku zuwa biyar mafiya tsawo suna da abin da ya haɗa su, kuma galibi a kwance ake shimfiɗa su. Idan jigon ranar "Gidajen tarihi" ne, za ka iya cin karo da GIDANRUMFA mai gurbi 10 da GIDANMAKAMA mai gurbi 11. Ba a barin tazara tsakanin kalmomi a cikin allo, a manne ake rubuta su. Sauran gajerun amsoshin ciko ne kawai, ba dole su shafi jigon ba. Nan sababbin shiga suke ɓata lokaci: sai mutum ya dage sai ya nemo wa kalma mai gurbi uku dangantaka da Kano, alhali amsar IDO ce ko UKU.

Daga ina wasan ya samo asali?

Daga Amurka, amma hannun Baturen Ingila ne ya zana shi. Arthur Wynne, haifaffen Libaful, shi ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya fitar da littafin farko da ya tattara irin wannan wasa. Jaridar The Times ta Landan ta soma nata a 1930, New York Times kuma a 1942. Ƙa'idojin da akasarin masu tsarawa ke bi yanzu daga Amurka suka kafu: allon ranakun mako gurbi 15 a tsaye 15 a kwance, na Lahadi 21 da 21, babu amsar da ta gaza harafi uku, kuma in ka juya allon ƙasa ta koma sama, baƙaƙen gidajen za su faɗa daidai inda suke.

Na buɗe wasan yau, ta ina zan fara?

Ba daga lamba ta ɗaya ba. Karanta jigon, sannan ka bi isharorin duka da ido sau ɗaya ba tare da ka rubuta komai ba. A zagaye na biyu ka cike waɗanda ba ka da ko ɗigon shakka a kansu. In a takarda kake yi, fensir za ka riƙe, ba biro ba, kuma manyan haruffa za ka yi domin kada U ta rikiɗe ta koma N.

Ga yadda kalma ɗaya tabbatacciya take buɗe uku. A ce ishara ta kwance ta ce: "Kasuwar cikin birni da aka kafa zamanin Rumfa (5)". Amsa KURMI ce, babu ja. A ce kuma kalmomi uku na tsaye sun taso daga harafi na farko da na uku da na biyar, wato K da R da I. Ta farko: "Ƙofar birni (6)". Da babu K ɗin nan, WAMBAI ma za ta shiga, amma yanzu KABUGA ce. Ta biyu: "Ɗaya daga cikin Hausa Bakwai (4)". Hannun Bakano zai yi saurin rubuta KANO, R ɗin ce ta nuna RANO ake nufi. Ta uku: "Sarkin Kano (5)", wadda za ta iya zama mutum bakwai, sai I ta tsayar da ita a kan INUWA. Abin da za ka riƙe ke nan a duk wasan: yawan gurabe da harafin mahaɗa su ne alƙalai. Abin da ka tuna daga makaranta shaida ne kawai.

SH da TS, gurbi ɗaya suke ci ko biyu?

Ya danganta da mai tsarawa, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata ka gano kafin ka yi nisa. A nahawun Hausa tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky, gw da ƙw sauti ɗaya ne kowannensu, shi ya sa wasu malaman Hausa in sun tsara wa ɗalibai wasa suke cusa su a gurbi guda. Manhajojin waya kuwa kusan kullum harafi ɗaya suke karɓa a gurbi.

Gwajin ba wuya. Nemi amsar da ka tabbatar da ita mai ɗauke da irin waɗannan baƙaƙe, ka ƙirga. BARBUSHE, babban bokan da ke hawa dutsen Dala kafin zuwan Bagauda, gurbi 8 ne in an raba S da H, 7 in an haɗa. TSUMBURBURA da yake yi wa hidima 11 ce ko 10. Da zarar ka ga wanda ya dace da allon, ka san dokar gidan, sauran duka haka za su tafi. Alhamza ba ta cin gurbi a yawancin wasanni: Na'isa NAISA ake cike ta, gurbi 5.

Haruffa masu ƙugiya fa? K da Ƙ ɗaya ne a allo?

A wasan da aka tsara da kyau, a'a. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban, haka bata da ɓata. Mai tsarawa da ya bari KURMI ta haɗu da ƘOFA a harafin farko ya yi sake, ko da manhajarsa ta yarda. Amma gaskiyar magana, da yawa suna yin hakan, saboda kayan aikin da suke tsara allo da su ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. To ka lura da rubutun isharorin kansu: in ka ga an rubuta "kofa" da "daki" babu ƙugiya, kada ka sa ran za a bambance a cikin allo.

Inda aka bambance, ƙugiyar takan raba gardama. "Hawan sarki bayan Sallah (6)" zai iya zama DAUSHE, zai iya zama ƊORAYI. In kalmar da ta ratsa harafin farko ɗanwake ce, ka san Ɗorayi za a je. In dambu ce, Hawan Daushe ne, wanda ake yi washegarin Sallah da yamma, sarki ya je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki. A waya, ka ƙara harshen Hausa a allon rubutunka na Gboard domin ka samu haruffan.

Isharar "Sarkin Kano" tana yawan fitowa. Yaya zan san wanne ake nufi?

Wannan ita ce isharar da ta fi kayar da mutane, domin masu gurbi 5 kaɗai sun kai bakwai: RUMFA, BELLO, TUKUR, ALIYU, ABBAS, USMAN, INUWA. Mai tsarawa mai adalci zai ƙara maka wani abu, shekara ko aiki ko laƙabi, sai ka san abin da ke jikin kowanne.

Bisa lissafin kundin tarihin sarakunan Kano, BAGAUDA ne na farko, daga shekarar 999. GIJIMASU, jikansa, shi ya soma ginin ganuwa. YAJI ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma a zamaninsa Wangarawa suka iso daga Mali da addinin Musulunci, saboda haka duk isharar da ta ambaci Wangarawa da gurbi 4, shi ne. RUMFA, 1463 zuwa 1499, shi ne na gidan sarki da kasuwar Kurmi da baƙuncin Shehu Magili. ALWALI ne na ƙarshe kafin jihadi, SULAIMANU na farko bayansa. DABO ya hau a 1819 ya rasu a 1846, daga gare shi ne gidan da ke sarauta ya taso, shi ya sa ake cewa Kano ta Dabo.

Daga nan laƙabi ya fi shekara amfani. Maje Ringim Usman na ɗaya ne, Maje Karofi Abdullahi, Maje Nasarawa kuma Abbas, wanda ya hau a 1903 bayan Turawa sun ci Kano ya yi mulki har 1919. TUKUR shi ne na yaƙin basasa da Yusufawa. ALIYU Babba, wanda Kanawa suka fi sani da ALU, shi Turawa suka tarar a kan gado, daga baya suka kai shi Lakwaja. Ka kula da wannan: sunansa yana shiga gurbi 3, yana shiga 5. In gurbi 3 ne kuma ya fara da A, harafi na biyu za ka jira, domin ADO ma yana nan, wanda ya yi shekara 50 da ɗoriya, daga 1963 zuwa 2014. USMAN biyu ne, na biyun ya yi daga 1919 zuwa 1926, sai Abdullahi BAYERO ya karɓa har 1953. INUWA watanni kaɗan ya yi a cikin 1963.

Masu zaɓen sarki ma sukan fito. Su huɗu ne: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. MADAKI da MAKAMA duk gurbi 6 ne, duk da MA suka fara, don haka ka rubuta MA ɗin ka dakata.

Ƙofofin birni fa, akwai hanyar riƙe su?

Ka riƙe su da tsawonsu, ba da jerin yadda suke a jikin ganuwa ba. Masu 4: MATA, RUWA. Masu 5: WAIKA, NAISA, FAMFO. Masu 6: KABUGA, WAMBAI. Masu 7: MAZUGAL, DAWANAU. Masu 8: NASARAWA, DUKAWUYA. Masu 9: KANSAKALI, ƊANAGUNDI, GADONƘAYA. Kalmar "ƙofar" ba ta cika shiga allo ba, a isharar ake barin ta.

Wasu sunayen suna ɗaukar fiye da ƙofa. DAWANAU tana iya zuwa a matsayin kasuwar hatsi, WAMBAI a matsayin sarauta, NASARAWA a matsayin ƙaramar hukuma ko hawan da sarki ke kai wa gwamna ziyara. Ƙofar Mata kuma ita ke jawo kalmomin rini: BABA, SHUNI, TOKA, da MARINA da KAROFI waɗanda duk gurbi 6 ne kuma kusan ma'anarsu ɗaya. Shekarar da ake dangantawa da kafuwar marinar ita ce 1498.

Me ya sa wata isharar take da sauƙi a ido amma amsar ta ƙi fitowa?

Domin harshen damo gare ta. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, sai kalmomi biyu ko uku su zama abu ɗaya a takarda, masu tsarawa kuma suna son wannan ƙwarai. "Ana tuƙa shi, ana kuma zama a cikinsa (4)": GARI. "Jariri na yi, ana kuma kaɗa miya da ita (4)": KUKA. "Tsakanin kai da kafaɗa, ba sauƙi (4)": WUYA.

DALA ta fi kowace yawo a jigon Kano. Yau dutse ce, gobe ƙaramar hukuma, jibi tarin buhunan gyaɗa da suka yi wa birnin suna a zamanin su Alhassan Ɗantata, gata kuma kuɗin Amurka. Alamar tambaya a ƙarshen ishara gargaɗi ne cewa ma'anar da ta fara zuwa maka ba ita ba ce.

Karin magana da kacici-kacici suna shiga?

Sosai, kuma su ne ƙofar shiga mafi arha. "Komai nisan jifa ___ zai faɗo" ƘASA ce. "Banza ba ta kai ___ kasuwa" ZOMO ne. Kirari ma haka: "Tumbin giwa (4)" ba ya buƙatar tunani. Na kacici-kacici akwai "Shanu dubu, maɗaurinsu ɗaya", wato TSINTSIYA, wadda take da TS har biyu, saboda haka 9 ce ko 7 gwargwadon dokar gidan. Abin lura ɗaya: karin magana yakan sha bamban daga gari zuwa gari, wani ya ce "faɗo", wani ya ce "dawo". In gurbin ya faɗa kan irin wannan kalma, harafin mahaɗa za ka jira.

Ban san amsar ba sam. Akwai dabarar hasashe?

Akwai, ginin kalmar Hausa ne zai taimake ka. Kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, kuma baƙi da wasali bi da bi suke tafiya. In ka ga gurbin ƙarshe ya kama baƙi, to ɗayan uku ne: sunan da aka aro irin ABBAS, ko amsa-kama irin FAT, WUR, SHAR, ƘIRIN da TSAF, ko kuma ka yi kuskure a kalmar da ta ratsa wurin. Na ukun ya fi yawa.

Isharar tana faɗa maka jinsi da adadi. In ta ce "mutanen", ƙarshen AWA ne: KANAWA, WANGARAWA. In ta ce "mutumin", farkon BA ne. "Wurin da ake" ko "mai yin" ko "abin da ake yi da shi" suna jawo MA a farko, wasalin ƙarshe ne zai raba marini da marina. Doguwar amsa mai kalma biyu kuma tana da N ko R a tsakiya, kamar KANTINKWARI da GORONDUTSE. Rubuta waɗannan gutsattsarin da fensir ko ba ka san sauran ba, kowane harafi yana buɗe wa kalmar tsaye hanya.

Na tabbata da amsata amma gurbi ɗaya ya yi saura, ko ya gaza. Me ya faru?

Rubutun suna ne. Sunayen Kano da yawa suna da rubutun Hausa da na takardun gwamnati. NASARAWA 8 ce, NASSARAWA 9. CALAWA 6 ce, CHALLAWA 8. CIROMA 6, CHIROMA 7. Fanisau da Panisau tsawonsu ɗaya, harafin farko ne ya bambanta, wanda ya fi muni tunda ƙirga ba za ta tona shi ba. A daidaitacciyar Hausa babu P, babu CH, don haka fara gwada rubutun Hausa. In bai shiga ba, gwada wanda ke jikin allunan kan titi. Sunayen mutane ma haka: USMAN da USMANU, SULAIMAN da SULAIMANU.

Waɗanne shekaru ne suka cancanci a haddace?

Kaɗan ne, kuma su ake ta maimaitawa. Heinrich BARTH, Bajamushen matafiyi, ya zo Kano a 1851. Layin dogo ya iso a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925. An kafa NEPU a 1950, kuma gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, shi ne MUMBAYYA. An ƙirƙiri jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, gwamnan farko Audu BAKO, ɗan sanda ne ba soja ba, wannan kuma tarko ne da ake yawan ɗanawa. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta TIGA. RIMI ne gwamnan farar hula na farko, a 1979, sunansa kuma yana iya zuwa a matsayin bishiya ko kasuwa. An cire JIGAWA daga Kano a 1991, ƙananan hukumomin Kano 44 ne. Ga masu ƙwallo, an kafa Kano Pillars a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014.

Duba ƙamus ko intanet maguɗi ne?

In ba gasa ake yi ba, wasanka ne. Shawararmu dai ka duba abin da ba ka taɓa sani ba, kamar sunan kogi ko shekara, amma kada ka duba abin da ya maƙale maka a baki. Wannan ka ajiye wasan ka yi wani abu, in ka dawo sau da yawa yakan faɗo da kansa. Don tabbatar da rubutu, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 ya fi dacewa. Na Bargery na 1934 ya fi shi tsofaffin kalmomi na sana'a da sarauta.

Gaskiya ne an taɓa tuhumar mai tsara irin wannan wasa da tona asirin yaƙi?

Gaskiya ne. A makonnin da suka gabaci saukar sojojin ƙawance a gaɓar Faransa a watan Yuni na 1944, kalmomin sirri na shirin, irin su Utah da Omaha da Overlord, suka yi ta fitowa a matsayin amsoshi a jaridar Daily Telegraph. Jami'an tsaron Ingila suka yi wa mai tsarawar, wani shugaban makaranta mai suna Leonard Dawe, tambayoyi, ba su same shi da laifi ba.

Ina so in tsara nawa don ɗalibai ko 'yan gida. Ta ina zan kama?

Kada ka fara da allo mai 15. Ɗauki mai 11 da 11, ka zana shi a takardar lissafi mai gidaje. Amsoshin jigo ake fara dasawa, kuma bibbiyu masu tsawo ɗaya saboda allon ya daidaita. In ƙofofi ne jigon, sa KANSAKALI a layi na 3 daga hagu, GADONƘAYA a layi na 9 ta ƙare a dama, MAZUGAL a layi na 6 a tsakiya da baƙaƙen gidaje biyu kowane gefe. Sai ka baƙanta sauran gidajen bibbiyu: duk wanda ka baƙanta a sama ta hagu, ka baƙanta takwaransa a ƙasa ta dama.

Wurin da aiki ke tsayawa shi ne inda Ƙ ko Z ko L ta ƙarshen kalma ta faɗa, domin kalmomin da za su ratsa su ba su da yawa. Can za ka fara cikewa, ka bar wuraren A da N zuwa ƙarshe. In ka ga allon Amurka mai kowane harafi a mahaɗa ya gagara, koma tsarin Ingila inda ake tsallake harafi ɗaya, ya fi karɓar Hausa saboda jerin baƙi da wasali ba ya yawan cin karo. Kada sunaye biyu da ba kowa ya sani ba su ratsa juna, domin mai wasa ba shi da ta inda zai gano harafin mahaɗar. A saman takardar ka rubuta dokarka a layi ɗaya: SH da TS gurbi nawa, ƙugiya tana aiki ko ba ta yi. Isharori su ne aikin ƙarshe, kuma kafin ka raba wa mutane, ba wa wani wanda bai ga amsoshin ba ya cike a gabanka kana kallon inda fensirinsa ke tsayawa.